Mota Ɗaya Mai Aiki Biyu

Tun daga lokacin da mota ta sauko daga hannun sarakuna da attajirai ta shiga hannun matsakaitan ma'aikata, akwai wata mas'ala da ba ta gushe ba tana damun mutumin da Allah ya hore wa abin sayen mota ɗaya tak, sa'an nan kuma ya jarrabe shi da son tuƙi. Shin zai sayi wadda za ta ɗauki iyali da kayan cefane, ta kai shi wurin aiki ta komo da shi ba tare da ta taɓa motsa masa zuciya ba, ko kuwa zai sayi wadda za ta faranta masa rai a buɗaɗɗen titi, amma ta kasa ɗaukar ko da buhun masara ɗaya? Mawadaci bai san wannan ruɗani ba, domin yana da ikon ajiye ta aiki daban, ta nishaɗi daban. Malamin makaranta da akawu da ƙaramin ɗan kasuwa su ne suka san shi, kuma dominsu ne waɗansu injiniyoyi a ƙasar Jamus suka fito da wata amsa kusan shekara hamsin da suka wuce, amsar da na daɗe ina ganin ta fi yawancin abin da masu ƙera motoci suka zo da shi bayanta hikima, ko da yake yanzu tana neman kuɓucewa daga hannun mutanen da aka yi ta dominsu.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, a farkon shekarun 1970 kamfanin Volkswagen ya sami kansa cikin ƙunci, saboda tsohuwar motarsa Beetle, wadda ta daɗe tana ciyar da shi, kasuwarta ta fara ja da baya, ga shi kuma a 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya, har kowa ya koma neman abin hawa mai tsimin mai. A 1974 sai kamfanin ya fito da Golf, wadda wani Ba'italiye mai suna Giorgetto Giugiaro ya zana siffarta: ƙaramar mota mai inji a gaba, ruwa ke sanyaya shi, tayoyin gaba ke janta, bayanta kuwa a datse yake da wata babbar ƙofa mai ɗagawa sama, ta yadda wurin kaya da wurin zaman mutane suka zama ɗaki ɗaya. An yi ta ne don larura, ba don sha'awa ba. Amma waɗansu 'yan tsirarun ma'aikata, cikinsu har da injiniya Alfons Löwenberg da jami'in hulɗa da 'yan jarida Anton Konrad, suka lura cewa jikin nan marar nauyi zai iya ɗaukar abin da ya fi wanda aka ba shi, suka riƙa aiki a kai a asirce bayan an tashi daga aiki, har dai shugabanni suka amince. Aka nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a 1975, ta shiga kasuwa a 1976 da sunan Golf GTI.

Wanda ya dubi alƙalumanta da idon yau zai iya raina su. Injinta lita 1.6 ne, mai ƙarfin doki 110, da na'urar fesa mai ta kamfanin Bosch a maimakon kabureta. Iyakar gudunta kilomita 182 a awa. Daga tsaye zuwa kilomita 100 kuwa tana cin sakan 9 da 'yan kai. Sirrin yana ga nauyinta, wanda bai wuce kilo 810 ba, domin ƙarfi kaɗan a jiki marar nauyi ya fi ƙarfi mai yawa a jikin da ya yi teɓa, ko wajen tashi, ko wajen shan kwana, ko wajen tsayawa. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 kawai a kan Mak 13,850 kowace. Kafin a daina wannan ƙira ta farko an sayar da fiye da 460,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin labarin shi ne tawali'un zahirinta. In ban da wani siririn jan layi da ya kewaye hancinta, da yadin kujeru mai zanen murabba'i, da kan sandar giya mai siffar ƙwallon golf, biyun ƙarshen nan kuwa wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Gunhild Liljequist ce ta zaɓe su, abu kaɗan ne zai sanar da mai wucewa cewa baɗininta ya saɓa wa na sauran. Mai ita yana iya ajiye ta a ƙofar ofis ko ta asibiti ba wanda ya waiwaya, ba a zarge shi da alfahari ba, bai kuma karya zuciyar maƙwabcinsa ba.

Da sauran kamfanoni suka ga riba, sai suka biyo sahu. Peugeot, wadda mu muka sani da Fijo 504 ta Kaduna, ta fito da 205 GTI a 1984. Renault ta zo da 5 GT Turbo a 1985. Ford kuma da Escort XR3i. Shekarun 1980 su ne zamanin ganiyar wannan jinsi a Turai. Sa'an nan a farkon shekarun 1990, musamman a Ingila, ɓarayi da samari masu satar mota don wasan tsere suka addabe su, kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi har matasan da ke sayensu suka kasa biya, kasuwar ta yi sanyi na wani lokaci.

Mu a nan ta wata ƙofa dabam Golf ta shigo mana. Lokacin da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar shekarun 1980, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga motocin da Turawa suka gama yayinsu, waɗanda ake sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a shigo da su ta kan iyaka. Golf ta biyu da ta uku suka cika tashoshin mota, daga Kano zuwa Katsina, daga Sakkwato zuwa Illela, har Maraɗi da Damagaram, ana lafta musu mutane da kaya fiye da abin da wanda ya ƙera su ya taɓa zato, suna kuwa ɗauka. Watau mu rabin amsar muka karɓa, rabin juriya da ɗaukar kaya. Ɗaya rabin, na zafin nama, kaɗan ne daga cikinmu suka neme shi da gangan, sai dai wanda ya dace da shi a cikin jerin motocin dillali.

Ni ina cikin waɗannan kaɗan. A ƙarshen shekarun 1990 na mallaki GTI ƙira ta biyu, mai inji lita 1.8, kuma ita kaɗai ce motar gidana tsawon shekaru. Da safe ita ke kai yara makaranta. Da hantsi tana kutsawa cikin cunkoson kasuwa, tana shiga lungun da babbar mota ba ta isa ta leƙa ba, ana ajiye ta a ɗan sararin da ke tsakanin mai shayi da mai faci. Ranar da za a je gida ƙauye kuwa, sai a kwantar da kujerar baya, a ɗaga ƙofar nan, a shimfiɗa tabarma don kada ƙura ta ɓata yadi, a jera buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa da ƙunshin atamfofin Salla, a rufe, ƙofar ta kama ba tare da an ɗaure ta da igiya ba. Duk wanda ya taɓa fama da ƙaramin bakin but na mota mai dogon baya, yana juya buhu ta nan ta can ya ƙi shiga, ya san darajar wannan ƙofa. A komowa kuma, in kayan sun sauka, titi ya buɗe, rana ta yi sanyi, sai motar ta zama wata halitta dabam: sitiyarinta yana gaya wa tafin hannunka duk abin da tayoyin gaba ke takawa, giyarta tana shiga da ɗan motsin wuyan hannu, injin kuma yana amsa totur nan take, ba jinkiri ba gardama. Dokin da ya kai hatsi kasuwa ranar Laraba, ya kuma yi sukuwa ranar hawan Salla, ba kowane barga ake samunsa ba.

Wani abu da ya faru a gareji ya nuna mini matsayin irin wannan mota a ƙasarmu a wancan zamani. Ta fara shaƙewa da safe, na kai ta wurin wani dattijon bakanike da na saba da shi. Ya buɗe bonet, ya tsaya yana duban bututan nan huɗu da ke kai mai ga injin, ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, wannan injekta ce. Shawarata, mu cire ta mu sa maka kabureta irin ta 'yan tasha, ka huta. Ko a daji ta tsaya, yaro ma zai tashe ta."

Na ce, "Baba, in an cire wannan, ai an cire abin da na saya."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, sai mu bi ta a hankali." Ya kwance bakunan fesa man ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowanne a cikin kwalba, ya sa yaronsa ya murza makulli, muna kallon yadda man ke fita: uku suna fesawa kamar hazo, na huɗu yana ɗiga. Ya aika kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa aka samo wani, ya canja matatar mai, kafin la'asar motar ta komo hayyacinta. Shawararsa ta farko ba ta jahilci ba ce, domin motoci da yawa an yi musu haka sun ci gaba da ciyar da masu su. Amma abin lura shi ne, mutumin da bai taɓa shiga makarantar koyon sana'a ba ya iya gano cutar da idonsa da kunnensa da kwalba huɗu, saboda motar tana cikin iyakar abin da hankali da ƙwarewa ke iya kaiwa gare shi.

Na san mai karatu zai tambaya, mene ne halaccin ƙarfin da ya wuce buƙata a ƙasar da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 50 kuma a cikin gari? Tambaya ce mai nauyi, ban kuwa ɗauke ta da wasa ba. Malaman usulu sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku, ta larura da ta buƙata da ta ƙawa, ba su kuma haramta ta ukun ba matuƙar ba ta rushe ta farkon ba. A Suratun Nahli ma an ambaci dabbobin hawa da fa'ida biyu, hawan da kuma adon. Saboda haka jin daɗin abin hawa ba aibi ba ne a kan kansa. Sa'an nan ƙarfin nan yana da amfani na haƙiƙa a titinmu mai hannu ɗaya, inda mafi hatsarin lokaci a tafiya shi ne sakannin da mutum ke yi a ɓangaren masu tahowa yana ƙoƙarin wuce tirela. Motar da ke gama wannan aiki cikin hanzari ta koma hannunta ta rage wa mai ita zama a bakin halaka, kuma galibi irin waɗannan motoci birkinsu da riƙon ƙasarsu sun fi na 'yan'uwansu. Amma kiyaye rai yana cikin larurai, nishaɗi kuwa ƙawa ne, in sun yi karo babu shakka wanda za a gabatar. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take huɗu, wannan kuwa hukunci ne da bai san sunan kamfani ba. Titinmu ba na motoci kaɗai ba ne. Akwai garken shanu, akwai mai babur da ya fito daga gona, akwai yarinya da farantin talla a gefen kwalta. Na halarci jana'izar samarin da mota mai ƙarfi ta ruɗa, na kuma ga iyayensu, shi ya sa nake cewa wanda bai iya riƙe nafsinsa ba, kada ya karɓi makullin irin wannan mota, domin amana ce a hannunsa, kuma haƙƙin mutane yana rataye da ƙafarsa ta dama.

Canjin da nake son in yi magana a kansa ya zo ne sannu a hankali, kowane mataki da hujjarsa mai kyau. An ƙara ƙarfen kariya da jakunkunan iska don tsare rai, an ƙara na'urar sanyaya ɗaki da abin toshe ƙara don jin daɗi, an ƙara na'urorin tace hayaƙi don kiyaye iska. Kowanne ya zo da nauyinsa, nauyin ya nemi ƙarin ƙarfi, ƙarin ƙarfin ya nemi manyan birki da faffaɗan tayoyi, su kuma suka ƙara wani nauyin. Ƙira ta biyar da ta fito a 2004 ta zo da inji lita 2.0 mai turbo, watau fankar da hayaƙin salansa ke juyawa don ta cusa wa injin iska, da ƙarfin doki 200, da kuma giya mai kuloci biyu wadda ke canja kanta da saurin da hannun mutum ba ya kaiwa. Ta yau tana da doki 265, nauyinta ya haura kilo 1,400, tsawonta ya ƙaru da fiye da rabin mita a kan ta 1976. Ba na musun cewa ta fi ta dā a kusan kowane ma'auni: ta fi gudu, ta fi tsaro, kuma wanda ya yi karo a cikinta ya fi sa ran fita da ƙafarsa. Wannan ni'ima ce da ba ta da farashi, kuma ba zan yarda son abin da ya wuce ya rufe mini ido daga gare ta ba.

Duk da haka, da na koma ga ɗaya daga cikin na baya-bayan nan, sai na tarar zaman yau da kullum da ita yana da sharuɗɗan da tsohuwar ba ta gindaya mini ba. Tayoyinta sirara ne a gefe, a kan rim mai inci 17 ko 18, waɗanda aka yi don kwalta mai santsi. Rami ɗaya da ruwan damina ya ɓoye ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa rim, sai ka ga mai ita yana tafiya cikin gari yana karanta titi kamar mai neman allura. Cikinta yana kusa da ƙasa, don haka duk tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina sai an hau shi a karkace, in kuwa mutum huɗu ne a ciki sai an ji ƙarar guga. Injinta an yi shi ne don fetur mai daraja ta sama, alhali a gidajen manmu iri ɗaya ne ake sayarwa. Baƙin mai kuwa ba kowanne take karɓa ba, kuma jinkirta juye shi yana cin turbo. Idan wata fitila ta kama a gaban direba, kunne da kwalba ba su da abin cewa, sai an nemi mai kwamfuta ya jona mata. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta kai 1,000, sai taka totur don nishaɗi ya zama abin da magidanci ke auna shi da kuɗin makarantar yara. Har yanzu tana ɗaukar buhun shinkafa, har yanzu tana shiga lungu. Abin da ya ragu shi ne kwanciyar hankalin mai ita.

A Turai ma, inda titi ke da kyau, jinsin yana ƙarewa, kuma sababin ba ɗaya ba ne. Dokokin Tarayyar Turai kan hayaƙi suna auna matsakaicin abin da dukkan motocin kamfani ke fitarwa, suna kuma cin tara in an wuce, saboda haka ƙaramar mota mai shan mai, wadda ribarta ba ta da yawa, ta zama nauyi a kan mai ƙera ta. Masu saye kuma zukatansu sun karkata ga dogayen motoci masu siffar jif. Ford ta daina ƙera Fiesta a masana'antarta ta Kolon a watan Yulin 2023, da ita kuma Fiesta ST ta tafi, wadda masana da yawa ke ganin ita ce mafi kusa da ruhin na farko. Taron masoya GTI da ake yi a gaɓar tafkin Wörthersee a Ostiriya tun 1982, hukumar garin da ake yin sa ta dakatar da shi a 2023. Daga 2024 kuma GTI ba ta zuwa da giyar hannu, farashinta a Jamus ya haura Yuro 40,000. A nan ne nake ganin an yi asara ta gaske. Ba rashin sandar giya ne ke damuna ba, ko da yake ina kewarta. Abin da ke damuna shi ne motar da aka ƙirƙira don mai mota ɗaya ta koma abin da sai mai motoci biyu ko uku ke iya saye. Kamfanin Volkswagen ya nuna samfurin GTI mai aiki da lantarki a Munik a 2023, kuma motar lantarki tana da saurin tashi a ɗabi'arta, amma batir abu ne mai nauyi, sauƙin jiki kuwa shi ne ginshiƙin da aka kafa ta farko a kansa.

Abin da ake ƙerawa a masana'antar Volkswagen ta Wolfsburg yau shi ne abin da zai sauka a tashoshin jiragen ruwanmu bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, kamar yadda Golf ta uku, wadda aka fara ƙerawa a 1991, take ɗauke da fasinjojin Arewa har gobe. Waɗancan sun rayu a hannunmu ne saboda kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka suna da kayansu, kuma dattawa irin bakaniken nan nawa sun iya karanta su. Masu zuwa za su iso da allunan taɓawa a maimakon maɓallai, da kwamfutoci da dama masu magana da juna, waɗansunsu ma ba sa karɓar sabon kayan gyara sai an shigar da shi ta manhajar kamfani. Yaran da ke kwance a ƙarƙashin motoci a garejojinmu yau, waɗanda da yawansu ba su gama firamare ba, su ne za a kawo wa waɗannan motoci, kuma har yanzu yawancin abin da ake koya musu sifana ce da guduma da sauraron ƙarar inji.